Sittin da Biyu Cikin Ɗari

A asibitin haƙori mai kallon tafkin Yanina
aikina rubuta lamba.
Likita Evanthiya ta sunkuya da tsinkenta mai zane,
tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi
kamar mai gwada zurfin rijiya,
tana kira, ina rubutawa:
uku, uku, biyar, jini.
Huɗu, bakwai, jini.
Wuri shida a kowane haƙori.

Ran Talata Lambros ya kawo mana bakinsa.
Shekara sittin da takwas, mabushin gidajen biki.
Baƙar sarewarsa mai maɓallan azurfa
tana akwati a kan cinyarsa, ya ƙi ajiyewa.
Haƙoran sama na gaba su ke danne mata baki,
ga shi ɗaya ya soma rawa tun ba a fara kiɗa ba.

Takwas, in ji likita.
Takwas, na rubuta.

Sai tambayoyin kwamfuta.
Ciwon sukari? Akwai, amma yana jin magana.
Taba? Kara biyar a yini, ya ce, idonsa a rufin ɗaki.
Na dubi yatsunsa biyu, sun rine kamar an tsoma a gangamau.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,
amma ni ba alƙaliya ba ce. Na sa biyar.
Allo ya ce haƙorin zai zauna, sittin da biyu cikin ɗari.
Da ya juya kurkure baki
na goge, na sa ashirin.
Arba'in da ɗaya.
Na mayar da biyar ɗinsa kafin ya ɗago.

"Jikata Fotini za ta yi aure a Agusta.
Zan busa?"

Likita ta cire safar hannu ɗaya.
"Wannan lissafin bakunan mutum dubu ne
da suka riga ka kwanciya a kujera irin wannan.
Naka bai shiga ba tukuna.
Hasken leza zai ƙone ruɓa, ya share ramin.
Ko nama zai sake kama saiwa,
wannan aikin dare ne, lokacin ba na nan,
kai ne da buroshi, da abin da ke aljihun rigarka."

Muka sa tabarau mu uku.
Zare siriri kamar gashin wutsiyar doki,
jan ɗigo a bakinsa,
ƙara ƙanƙanuwa, ƙauri kaɗan.
Yatsun Lambros suna tafiya a kan akwati,
suna danna ramukan da babu.

Da zai fita ya dire kwalin taba a teburina.
"Ajiya ce, yarinya. Ba kyauta ba."

Wata uku. Yuli, tafki ya yi lamo.
Turmin baya, wanda allo ya ba casa'in,
wanda ba wanda ya damu da shi,
shi ne ya saki. Aka cire.
Na gaba kuwa,
likita ta zura tsinke sau biyu, ta yi shiru,
ta ce: biyar. Babu jini.
Ba uku ba, ba huɗu ba. Biyar.
"Yana nan," ta ce. "Ban ce ya warke ba."

Wani dare a Agusta na buɗe taga,
busa tana tsallako ruwa daga wancan gefen.
Biki nawa ake yi a wata ɗaya?
Na kasa kunne ko zan gane haƙori a cikin sauti.
Ban gane ba.

Kwalin yana aljihun teburina har yau.
Saura kara goma sha bakwai.
A watan Yuni ya zo da la'asar, bai zauna ba,
ya zari uku, ya mayar mini da sauran.
Na duba kwamfuta sama da ƙasa,
babu gurbin da zan rubuta wannan.